Hoton Hanta da Ma'aunin Malami: Ina Rabon Mutumin Fadamar Haɗeja?

Gabatarwa

A jami'o'in duniya akwai wata al'ada da ta kafu wajen auna darajar malami mai bincike. Akan ƙidaya maƙalun da ya buga a mujallun ilmi, sa'an nan a ƙidaya sau nawa sauran malamai suka ambace su a cikin nasu rubuce-rubucen. Wanda aka fi ambata shi ne gwani, shi ake ƙara wa girma, shi ake gayyata manyan tarurruka. Wannan ma'auni yana da amfaninsa, domin ba banza malamai dubu za su taru a kan maganar mutum guda ba. Sai dai ma'auni ne na tsakanin malamai, bai san da majinyaci ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wani fanni guda na ilmin likita, watau ɗaukar hoton hanta don gano ciwon daji, ta nuna irin nisan da malaman fannin suka yi, sa'an nan ta yi tambaya: mene ne rabon manomi da masunci na fadamar kogin Haɗeja a cikin wannan ilmi? Ra'ayin da za a kare shi ne, tasirin malamin likita bai cika ba sai bincikensa ya isa inda cutar take, kuma da harshen masu cutar.

Ciwon da ake magana a kai

Hanta gaɓa ce mai haƙuri. Takan ci gaba da aiki ko da ɓarna ta cinye babban sashe nata, saboda haka mai ciwon dajin hanta yakan yi wata da watanni yana noma yana kasuwa bai ji kome ba. Ranar da alamu suka bayyana, watau nauyi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da rama, da kumburin ciki, da idanu su yi ɗorawa, galibi aikin gama ya gama. Ƙididdigar da hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta fitar game da shekarar 2020 ta nuna mutum wajen 906,000 suka kamu da shi, wajen 830,000 kuma suka mutu. Kusancin waɗannan alkaluma biyu shi ne abin tsoro.

A Afirka ta Yamma lamarin ya fi muni, domin a nan ciwon kan kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. A 2017 wasu likitoci suka buga sakamakon nazarin majinyata fiye da 2,500 daga ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. Sun tarar a Masar matsakaicin shekarun majinyaci 58 ne, a sauran ƙasashen kuwa 46. Bayan an gano ciwon, Bamisire kan rayu kusan wata 11, na sauran ƙasashen kuwa wata 2 da rabi. Babban dalilin wannan bambanci shi ne lokacin da aka gano cutar da kuma samun magani. Mutum mai shekara 46 a ƙasar Hausa shi ne maigida, shi ke riƙe da gandu, da mata, da 'ya'ya, da tsofaffin iyaye. In ya faɗi, gida ne ya faɗi.

Mafarin wannan ciwo a waɗannan ƙasashe abu biyu ne mafiya girma. Na farko ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda Baruch Blumberg ya gano alamarta a cikin jini a shekarun 1960, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1976. A 1981 Palmer Beasley ya buga binciken da ya yi a kan maza 22,707 a Taiwan, ya nuna masu ɗauke da ƙwayar sun fi waɗanda ba su da ita haɗarin ciwon daji nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ita. Na biyu shi ne dafin fumfuna da ake kira afalatoksin, wanda ke samuwa a gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba ko suka sha laima a rumbu. An gano shi ne bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda cin tunkuzar gyaɗa. Masu bincike a Shangai ta ƙasar Sin sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa idan abubuwan nan biyu suka haɗu a jikin mutum guda, haɗarin kan ninka kusan sau 60.

Abin da malaman hoto suka gano

A da, likita ba ya iya tabbatar da ciwon dajin hanta sai ya soka doguwar allura ya tsakuro tsoka, ko kuwa ya buɗe ciki. Sauyi ya faro ne daga 1958, lokacin da Ian Donald na Gilasgo ya nuna ana iya aika sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, a mayar da amonsa hoto. Wannan ita ce na'urar da mata suka sani a wajen awon ciki, wadda ake ce wa sikanin. A 1971 aka fara ɗaukar hoton majinyaci da na'urar Godfrey Hounsfield, wadda ke nuna jiki faifai-faifai kamar an yanka albasa, daga baya kuma hoton maganaɗisu ya biyo.

Amma samun na'ura daban, sanin abin da hoto ke faɗi daban. A nan ne aikin Jordi Bruix da abokan aikinsa na Basalona ta ƙasar Sifen ya yi fice. Hikimar da aka dogara a kanta ita ce: lafiyayyar hanta tana samun kusan kashi uku cikin huɗu na jininta daga babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji, shi kuwa ƙullutun daji yana sha ne daga jijiyar da ke kawo jini kai tsaye daga zuciya. Saboda haka idan aka ɗura wani ruwan rini a jijiyar hannu aka ɗauki hoto daki-daki, ƙullutun kan riga sauran hanta yin haske, daga bisani kuma ya riga ta dusashewa. A taron likitocin hanta na Turai da aka yi a Basalona a 2000, wanda aka buga matsayarsa a 2001 da sunan Bruix a gaba, aka amince cewa ga mai ƙeƙasasshiyar hanta hoto kan iya wadatarwa wajen tabbatar da ciwon ba sai an soka allura ba. Tun 1999 kuma shi da Josep Llovet suka fitar da tsarin raba majinyata mataki-mataki, kowane mataki da maganin da ya dace da shi. A 2011 malaman hoto na Amurka suka fitar da ƙa'idar da ta daidaita yadda ake karanta irin wannan hoto da rubuta rahotonsa.

In da ma'aunin ambato za a bi, waɗannan malamai sun kai gaci, an ambaci maƙalunsu sau dubbai, kuma sun cancanta. Abin lura dai shi ne, dukan wannan gini an aza shi ne a kan na'urori masu tsadar gaske, masu bukatar wutar lantarki tsayayya da ƙwararren mai karantawa. Irinsu sai manyan asibitocin birane, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Haɗeja zuwa Kano kimanin kilomita 200 ne, mutumin Guri ko Kiri Kasamma kuwa sai ya fara fitowa daga cikin ruwa kafin ya hau wannan hanya.

Daga Zariya zuwa Gambiya da Yamai

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar Hausa 'yar kallo ce a wannan fage. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu har da Y. M. Fakunle da Brian Greenwood, sun yi rubutu a kan ciwon dajin hanta a Arewacin Nijeriya. A 1981 Fakunle da M. B. Abdurrahman da Hilton Whittle suka buga nazarin yaɗuwar ƙwayar cutar hanta nau'in B tsakanin yara da manya na Arewa. Greenwood da Whittle sun koma Gambiya daga baya, a can kuma aka fara babban gwajin allurar rigakafin wannan cuta ga jarirai a 1986. Gwajin ya nuna allurar tana kare fiye da kashi 90 cikin 100 na yara daga zama masu ɗauke da ƙwayar har girma. Ita kuwa Nijeriya sai a 2004 ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yara na yau da kullum. Ma'anar haka ita ce, duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, watau magidantan yau, bai sami wannan kariya a jariri ba. Shekaru 18 da ke tsakanin 1986 da 2004 su ne misalin tazarar da ke tsakanin maƙala da majinyaci.

Misali na biyu ya fi kusa da batun hoto. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Yamai ta Jamhuriyar Nijar, suka tsara ƙa'idar duba hanta da mafitsara da na'urar sauti ga masu cutar tsargiya. Sun yi ta ne da nufin aiki a ƙauye: ƙaramar na'ura da ake ɗauka a hannu, da zane-zanen da mai dubawa zai gwada abin da ya gani da su. Wannan aiki bai yi suna irin na Basalona ba, amma an yi shi ne da mutumin bakin ruwa a zuciya. Irinsa ake bukata ga ciwon dajin hanta.

Halin da fadama take ciki

Ƙasar Haɗeja ƙasa ce ta ruwa da noma. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ambaliya kuma ta zama baƙuwar da ake zaton zuwanta kowace damina, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Inda ruwa ya kwanta nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take hayayyafa. Tsargiyar da aka fi sani ita ce mai sa fitsarin jini, wadda kan jawo ciwon daji a mafitsara. Akwai kuma ta hanji, wadda ƙwayayenta kan maƙale a hanta su sa jijiyoyinta su yi tauri, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa. Ga ido, mai wannan da mai ƙeƙasasshiyar hanta da mai ciwon daji duk ɗaya ne: ciki a kumbure, jiki a rame. Maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Hoton sauti na minti kaɗan yana taimakon likita ya rarrabe su.

Ta fuskar abinci kuma, wannan yanki tsohon gidan gyaɗa ne, tun zamanin da jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ke lodinta a Malam Madori. Ƙuliƙuli da man gyaɗa da kunun gyaɗa abincin kowa ne, masara kuma ta shiga ko'ina. Manomi kan ware mai kyau ya kai kasuwa, ya bar tsintacciya da fasasshiya don gida, alhali a cikin waɗannan dafin ya fi taruwa, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da shi. Shekarar da ambaliya ta jiƙa rumbu, haɗarin kan ƙaru.

Sa'an nan ga al'amarin jarirai. Jaririn da ya kamu da ƙwayar cutar hanta, 9 cikin 10 zai ci gaba da ɗauke da ita, alhali babba in ya kamu jikinsa kan kore ta a mafi yawan lokuta. Don haka ake so a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Yawancin haihuwar karkara kuwa a gida ake yi, mai jego ba ta fita, kafin a je asibiti wanzami ya riga ya zo da askarsa. Aska guda a kan yara da yawa, ko wajen kaciya, ko ƙaho da tsaga, hanya ce da jini ke bi daga wani zuwa wani.

Hujjar masu musu

Wani zai ce: mene ne amfanin nuna wa talaka ciwon da ba shi da kuɗin maganinsa? Ai ƙara masa baƙin ciki ne kawai, gara a zuba kuɗin a rigakafi. Wannan magana tana da nauyi, kuma gaskiya ce rigakafi ya fi magani. A Taiwan, inda aka fara yi wa jarirai allura a 1984, ciwon dajin hanta tsakanin yara ya ragu da kusan rabi. A yankin Kindiya na ƙasar Gini, binciken da aka buga a 2005 ya nuna tsince gyaɗa da hannu, da shanya ta a kan tabarma, da zuba ta a buhun algarara a ɗora kan katako, sun rage dafin da ke cikin jinin mutane da fiye da rabi. Babu mai hankalin da zai ce a bar waɗannan.

Amma allura ba ta amfanin wanda ya riga ya kamu, kuma su ne miliyoyin magidanta na yau. Game da su akwai amsa uku. Ta farko, a Shangai an raba mutum 18,816 masu ɗauke da ƙwayar gida biyu, ana duba kashi guda da hoton sauti da gwajin jini duk wata 6. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mutuwa daga ciwon ta ragu da kashi 37 cikin 100 a wajen waɗanda ake dubawa. Ƙullutun da bai wuce girman goro ba ana iya yanke shi, ko a ƙona shi da allura mai zafi alhali likita yana kallo ta na'urar sauti. Ta biyu, duba hanta yana kama ɓarna tun ba ta zama daji ba, kuma akwai ƙwayar magani mai suna tenofobir da ake sha sau ɗaya a rana, wadda ke danne cutar ta rage haɗarin. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara wannan magani don ya isa ga mutane da yawa. Ta uku, ko ga wanda ciwonsa ya yi nisa, sanin gaskiya yana hana iyali sayar da gona da shanu suna yawon neman makarin sammu, yana kuma ba majinyaci damar samun maganin rage zafi da yin wasiyya.

Dole kuma a faɗi iyakar wannan hoto. Nazarin da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike da yawa, ya nuna hoton sauti shi kaɗai yakan kuskure kusan rabin ƙananan ƙullutai, in an haɗa da gwajin jini abin kan gyaru zuwa wajen kashi 63 cikin 100. Ingancinsa ya rataya ne a kan hannu da idon mai dubawa. Saboda haka sayen na'ura ba tare da horar da ma'aikaci ba asarar kuɗi ce, har ma tana iya zama cuta, in aka sallami mai ciwo da albishir ɗin ƙarya.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, Gwamnatin Jihar Jigawa ta mayar da gwajin jinin wannan ƙwaya abin da ake yi wa kowace mai ciki a wajen awo, kuma a riƙa kai allurar farko har ɗakin mai jego ta hannun ma'aikatan lafiya, tare da haɗin kan ungozoma da mai unguwa. Na biyu, duk wanda aka tarar yana ɗauke da ƙwayar a rubuta sunansa a riƙa kiransa dubawa sau biyu a shekara, a daidaita lokutan da kakar damina da ta rani, sa'ad da manomi ke da sarari da ɗan abin hannu. Na'urar da ake duba masu ciki da ita ita ce dai ke duba hanta, abin da ya rage shi ne horo da tsari. Na uku, jami'o'in Kano da Dutse da Zariya su fuskanci fadamar da bincike, su auna yawan masu ɗauke da ƙwayar a ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja, su auna dafin da ke cikin ƙuliƙulin kasuwanninta. Hukumomin jami'a kuma, in sun zo ƙara wa malami girma, su tambayi ma'aikata nawa ya horar da kuma abin da bincikensa ya sauya a asibitin karkara, kamar yadda suke tambayar yawan maƙalunsa.

Na huɗu ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. A bakin jama'a shawara suna ne guda da ya haɗe cututtuka barkatai, ciwon hanta ma haka, daji kuwa kalma ce da ake faɗa ƙasa-ƙasa, wasu na ganin in ƙarfe ya taɓa shi sai ya fusata. Likita zai ce wa mutum yana ɗauke da ƙwayar cuta, shi kuwa yana jin kansa garau, sai ya ɗauka an yi kuskure, ko ya ɗauka an yanke masa hukuncin mutuwa, ko a fasa aurensa saboda jahilcin abin. Wane lafazi zai rarrabe mai ɗauke da ƙwaya da mai jinya? Yaya za a bayyana wa dattijo dalilin komawa dubawa bayan wata 6 alhali an ce ba a ga kome ba? Wannan aiki ne na masu harshe tare da likitoci: a tattaro kalmomin da masunta da wanzamai da masu magani ke amfani da su, a tace su, a ƙirƙiri waɗanda babu, a gwada su a kasuwa da zaure kafin a kai su rediyo da mumbari. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri, ga fili nan.

Kammalawa

Malaman da suka koya wa duniya karanta hoton hanta sun yi aikin da ya cancanci yabo, kuma yawan ambatonsu shaida ce ta gaskiya. Amma an ga yadda shekaru 18 suka shuɗe tsakanin gwajin Gambiya da isowar allura ga jaririn Nijeriya, an kuma ga mai wannan ciwo a ƙasashen Afirka da aka yi nazari, ban da Masar, kan rayu kusan wata 2 da rabi ne bayan an gano shi. Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2016 cewa za su shawo kan cutar hanta kafin 2030, lokacin kuwa ya ƙarato, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Ranar da magidanci a Auyo ko Birniwa zai san matsayin jininsa, a duba hantarsa kusa da gida, a yi masa bayani da Hausar da yake ji, ran nan ne za a ce binciken Basalona da na Zariya da na Yamai ya biya bukata a wannan ƙasa. Allah ya ba shugabanni ikon yi, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.